Jan Ruwa a Bayan Mota

Ni da yayana muka yi sana'ar wankin kafet, kuma shi ya ja ni cikinta. Lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, shi kuwa ya dawo daga unguwar Bacirawa a Kano inda ya daɗe yana wankin mota, ya taho da wani tsohon injin feshin ruwa da wata dabara da duk gidanmu aka yi wa dariya. Inna ta tambaye shi ko masu kwana a kan tabarma ne za su yi masa ciniki. Yaya ya ce masallatai kaɗai sun ishe mu. Gaskiyarsa kuwa, don a shekarun nan da wuya ka sami garin da wani ɗansa da ya yi arziki a birni bai shimfiɗa wa masallacin Juma'arsu kafet ba, ya ɗauki hoto, ya koma abinsa ya bar su da shi. Kafin a jima kafet ya sha zufa da ruwan alwala da ƙasar gona, in ka yi sujada wari ya ɗago ka kafin ka gama tasbihi. Daga baya ɗakunan amare da makarantun Islamiyya suka shigo, har na ajiye alli, amma masallaci shi ne gindin sana'ar.

Da inji uku muke aiki. Akwai janareta, akwai injin feshi, sai injin tsotsa, wanda ke zuƙe ruwa daga jikin kafet bayan an wanke. Wannan na ukun shi ne ran aikin. In babu shi kafet sai ya yi ta zuba har ya yi fumfuna. Dukkansu da kayan gyaransu a wajen wani Alhaji muke samu a birni, mai shago cike da tiyo da buroshi da jarkokin sabulu masu rubutun da shi kansa bai iya karantawa ba. Mutumin nan ban taɓa jin ya ce babu ba. Duk abin da ka nema, ko ba a taɓa ƙera shi a duniya ba, sai ya shafa gemu ya ce kaya na hanya. Na tsane shi tun kafin ya ba ni dalili.

Yaya yana da wata ƙa'ida da ba ta cikin takardar kowane inji. Kafet ɗin gida ya wanke shi yadda ya ga dama, amma na masallaci, bayan sabulu sai ya bi shi da zallan ruwa har ya gamsu ya yi tsarki. Daga nan ba ya sake taɓa ƙasa. A kan katako ake naɗe shi, a kan katako ake ɗora shi a mota, daga kafaɗa sai cikin masallaci. Wanda ya taka da takalmi, ko ni ne, sai an sake ɗauraye wurin. Nakan tsokane shi in ce ya fi limaman ma tsanani, ya kamata a naɗa masa rawani. Sai ya yi dariya ya ce, “Malam, kai dai riƙe tiyo.” Malam yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi ba'a.

A daminar da abin ya faru, tsoro ya cika yankinmu. Ɓarayin daji sun fara tsallakowa a kan babura, su kora shanu, su ɗauki mutane, su harbe wanda ya yi gardama. Kowane gari ya kafa 'yan sa-kai, samari da gorori da adduna da bindigogin toka, suka ɗaura igiya a bakin hanya. Ga kuma jita-jita da ta fi ɓarayin gudu. Ana cewa akwai wata farar mota da ke kai musu fetur da burodi cikin daji, ta kwaso musu gawarwakin waɗanda suka mutu a hannunsu. Babu wanda ya gan ta da idonsa, amma kowa ya san wanda ya gani. Tamu a-kori-kura ce fara, mun kuma sha yin raha a kan haka ni da Yaya.

A cikin wannan hali muka karɓi kafet ɗin masallacin Juma'a na wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. Ladanin garin, wani tsoho siriri, shi ya buɗe mana bayan sallar Asuba, muka kwashe tun gari bai tashi ba, da alkawarin za mu dawo da shi kafin Juma'a. Jan kafet ne mai fararen layuka da ke nuna sahu. Muna tsakiyar aiki injin tsotsa ya yi wani kuka, ya yi hayaƙi, ya mutu. Na ɗauki abin da ya ƙone na tafi birni. Alhaji ya juya shi a hannu, ya shafa gemu, ya ce kaya na hanya. Da ya ga idona ya yi ja, sai ya ciro wata jarkar sabulu ya ce sabon shigowa ne, in an wanke da shi kafet bushewa yake da kansa. Sabulun nan bai busar da komai ba. Abin da ya yi kawai, ya tayar da rinin kafet ɗin, duk ruwan da ya fito daga jikinsa ya fito ja wur.

Muka ɗauraye, muka sake ɗaurayewa, muka shanya a kan sanduna a ƙarƙashin rumfa, sama kuwa ta ƙi ɗagawa. Ranar Alhamis kafet na nan da nauyin ruwa, ladan ya bugo waya yana tambaya. Yaya ya ce mu kai haka, mu shimfiɗa a masallaci, mu buɗe tagogi, mu tayar da janaretanmu ya juya fankoki har safe. Muka naɗe kowane yanki bayansa a waje, muka ɗaure da igiya a kai da tsakiya da ƙasa don kada ya warware. Naɗi uku suka fito, kowanne tsawon mutum. Muka jera su a kan katako a bayan mota, muka sa janareta da jarkokin fetur biyu, muka rufe da tamfol. Ni nake tuƙi.

Alhamis ce ranar kasuwar garin, hanyar masallaci kuma ta tsakiyar kasuwa ta bi, ta gefen kara inda ake cinikin dabbobi. Ruwan da aka kwana yi ya dama wurin, taɓo da kashin shanu da fitsarin awaki sun zama abu ɗaya. Ina tafiya a hankali ina latsa ham, mutane suna matsawa da ƙyar. Ban san cewa girgizar hanya ta matse kafet ɗin ba, jan ruwa yana bin katako yana ɗiga ta ƙarƙashin murfin baya tun daga bakin gari.

Muryar mace na fara ji daga baya tana cewa jini ne. Wani ya karɓa, wani ya ƙara da cewa farar motar ce. Na duba madubi na ga mutane suna nuna ƙasa. Kafin in taka burki, wani saurayi ya sha gabana da gora ya sauke ta a kan gilashi. Gilashin ya tsage ya zubo mana a cinya. Aka fizge ƙofata, hannuwa suka kama wuyan rigata, na tsinci kaina a cikin taɓo, gwiwar wani a kan ƙirjina.

Ina ta cewa masu wankin kafet ne, kafet ɗin masallacinku ne, ku kira ladan. Wallahi na faɗa har maƙogwarona ya dushe. Amma waɗanda ke gaba 'yan sa-kai ne na ƙauyukan kewaye da suka shigo cin kasuwa, ba su san mu ba, kuma a cikin wannan ihu ni ma da ƙyar nake jin kaina. Wani ya yanke igiyar tamfol da adda, aka janye shi aka tattake a taɓo. Da jarkokin fetur suka bayyana, kasuwar ta yi wani irin gurnani. Da aka ga naɗi uku a ɗaure kai da tsakiya da ƙafa, jan ruwa yana tsiyaya daga bakinsu, sai mata suka fara salati suna gudu, maza suka fara tsintar abin duka.

Shugabansu wani gajere ne mai jar hula da bindigar toka a kafaɗa. Shi kaɗai ya yi abin da ya yi kama da hankali. Ya ɗaga hannu ya ce a sauko da su ƙasa a kwance kowa ya gani. Da an yi haka a lokacin, da yanzu labari ne na ban dariya da muke ba wa yara. Samari biyu suka hau motar suka kama naɗin farko za su wurgo shi cikin kashin shanu.

Yaya ya riga ya fito ta ɗaya ƙofar, goshinsa na jini saboda gilashi. Na gan shi ya dafa gefen motar ya haye, ya riƙe ɗaya bakin naɗin.

“Ba a nan ba,” in ji shi. “Ku kawo tabarma ko leda a shimfiɗa, ni da kaina zan kwance muku. Na masallaci ne, an yi masa tsarki.”

“Ka ji ko? Ya hana a buɗe,” in ji wani daga ƙasa.

“Yaya, ka sake musu,” na ce daga inda nake kwance. “Don Allah ka sake, ma sake wankewa.”

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da yake mini in na taka kafet da takalmi. “Gobe Juma'a, Malam. Da wane injin za mu busar?”

Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan da hankalinsa. Samarin suka ja, shi ya ja, da ya ga za su fi ƙarfinsa sai ya kwanta a kan naɗin ya rungume shi da hannu biyu. A idon kasuwar nan, mutum ne ya kwanta a kan gawa don kada a gani. Gora ta farko a baya ta same shi. Bai saki ba. Ta biyu ta sauka a kan yatsunsa, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Aka kama ƙafarsa aka fizgo, ya taho da naɗin gaba ɗaya, suka faɗo tare cikin taɓo, shi a ƙasa kafet a kansa. Ko a nan ƙoƙarinsa ya tallafe shi a ƙirji kada ya taɓa ƙasa.

Na yunƙura zan tashi, wani ya buga mini gindin bindiga a baki. Haƙorana biyu na gaba a wurin na bar su. Na sake faɗuwa, ina kallo ta tsakanin ƙafafun mutane. Sun yi masa zobe. Ina ganin sanduna suna tashi suna sauka, da icen girki, da ƙafar bencin mai shayi. Wani mahauci ya zo da wuƙa a hannu amma bai sami wurin kutsawa ba. Wani dattijo da farin gemu, wanda ya isa ya haifi Yaya, ya cire takalminsa yana dukan iska don hannunsa bai kai ba. Wani ya gangaro da tsohuwar taya, wani ya buɗe jarkarmu, warin fetur ɗin da na saya da hannuna ya cika mini hanci.

Akwai mutum ɗaya da ba zan manta fuskarsa ba. Dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙuna a wuya. Ba ɗan sa-kai ba ne, ɗan garin ne, mai sayar da turame da taɓare a bakin kara. Ya zaro taɓarya sabuwa daga cikin hajarsa, ya ture mutane, ya ɗaga ta da hannu biyu yadda mata ke ɗagawa in za su yi sussuka, ya sauke a kan Yaya. A gefen kai ta same shi, bayan kunne. Hannuwan Yaya suka saki kafet ɗin. Mutumin ya sake ɗagawa.

Mai jar hular ne ya harba bindigarsa sama. Ba don tausayi ba, so yake a ga gawarwakin kafin a cinna wuta. Da mutane suka ɗan ja baya, ya sa adda ya yanke igiyoyi uku, ya sa ƙafa ya shuri naɗin. Kafet ya warware a cikin taɓo, ya yi ta tafiya har ƙarƙashin ƙafafun mutane, ja da fararen layuka. Babu komai a ciki. Aka jefo na biyu da na uku aka yanke, su ma babu komai.

Kasuwar ta yi tsit, har ina jin kukan akuya daga can ƙarshen kara. Babu namiji a wurin da bai san wannan kafet ba. A kansa suke sallah duk Juma'a, wasu sun san daidai wurin da suke tsayawa. Na ga dattijon nan ya sunkuya yana neman takalminsa. Na ga sanduna suna zamewa daga hannu a hankali, kowa yana ajiye tasa a bayan ƙafar wani. Sai ga ladan ya taho da gudu daga gona, fartanya a kafaɗa, wani ya je ya kira shi. Ya tsaya ya dubi kafet, ya dubi Yaya, ya zauna daɓas a cikin taɓo yana kuka kamar yaro.

Na rarrafa na isa wurin Yaya. Kansa yana kan kafet ɗin, jini na fita ta kunne da hanci yana bin farin layi. Idonsa ɗaya a buɗe, yana numfashi da ƙarar da ban taɓa ji a bakin mutum ba. Na ce su taimake ni mu ɗaga shi. Waɗanda suka dake shi su suka kama ƙafafunsa, suna cewa sannu, suna cewa tsautsayi ne. Na tofa wa na kusa da ni jinin bakina a fuska, bai ko goge ba. Wani direba ya tuƙa motarmu ba gilashi, ni ina baya na ɗora kan Yaya a cinyata. Ina kiransa, ina gaya masa mun kusa. A asibiti suka ce ƙashin kan ya fashe, sai birni. Ya cika a hanya, muna hango gidajen farko na Kano.

An kama wasu, an sake su. Mutanen garin suka zo ta'aziyya mota guda, limaminsu a gaba. Inna ta karɓe su don ita mai haƙuri ce. Ni ina zaune a kan turmi a tsakar gida, ban fita ba, ban kuma ji kunyar rashin fitar ba. Har yau in na ji wani ya ce tsautsayi ne sai in tashi in bar wurin. Tsautsayi shi ne reshe ya faɗo maka. Wannan mutane ne da hannuwansu, da rana tsaka, a gaban hajarsu.

Bayan an share makoki Alhajin kayan inji ya bugo waya, da fara'arsa, ya ce kaya sun iso. Na je na karɓa. Na gyara injin tsotsa. Sannan na aika wa ladan cewa a ɗoro kafet ɗin a kawo mini. An tattara shi ne an jibge a bayan masallaci, suna sallah a kan tabarmi, babu wanda ya iya taɓa shi. Ba don su na karɓa ba. Aiki ne da Yaya ya fara, kuma a duk yankin babu wanda zai ɗauraye shi yadda yake so sai ni.

Taɓo ya fita, kashin shanu ya fita, warin fetur ya fita. Jinin ya riga ya daɗe ya kama. A kan jan wurin ba a gane shi, amma a kan farin layi ya bar wani tabo ruwan ƙasa, faɗin tafin hannu biyu. Na goge shi har gashin kafet ya fara tsigewa, ya ƙi. Da na kai kafet ɗin, na gaya wa limamin. Ya duba, ya ce tunda an wanke har ruwa ya fita fes, launin da ya ƙi fita ba ya hana sallah. Da aka shimfiɗa, tabon ya faɗo a sahu na uku, wajen dama.

Watanni bayan haka ladan ya zo mini da wata magana da ta dame shi. Ya ce duk Juma'a masallaci na cika har waje, mutane na sallah a rana, amma wurin nan babu mai tsayawa. Liman ya yi ta cewa a cike gurbi, ya yi huɗuba a kai, a banza. Sahu na uku kullum da giɓi na mutum ɗaya. Yana so in zo in juya yankin, tabon ya koma jikin bango. Na ce masa ba zan juya ba.

Juma'ar da ta biyo na yi wanka na tafi garin. Na shiga ana huɗuba, na tsallake mutane har sahu na uku. Gurbin na nan kamar yadda aka faɗa. Na zauna a kai. Na ji masallacin ya san da zuwana, ko tari babu mai yi. Da aka tayar da iƙama muka miƙe, na waiwaya dama, sai ga mai tabon ƙuna a wuya. Ashe nan ne wurin tsayuwarsa tun da can, shi ya fara matsawa ya bar giɓin. Ya gane ni. Ya ja jiki zai ƙara nisa, amma sahun ya matse, babu inda za shi.

Liman ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa. Na kama hannun rigarsa na jawo shi har kafaɗarsa ta haɗu da tawa, ɗan yatsan ƙafarsa ya taɓa nawa. Aka yi kabbara. Kafaɗar nan rawa take tun daga Fatiha, a ruku'u ina jin numfashinsa yana sarƙewa, a sujada goshina na kan tabon, nasa na gefe da tazarar taƙi ɗaya. Da aka yi sallama ya miƙo mini hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Na dubi hannuwan sosai, don ranar kasuwa daga ƙasa na hango su. Ban yafe masa ba, ban kuma karɓa ba. Na gaya masa kawai cewa mako mai zuwa ma a nan zan tsaya.